Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Ina Dandalin Yaranmu Ya Tafi?

A wannan wata labarin wata 'yar tafiya ta kwana shida na kawo maki, wadda na yi zuwa garuruwa uku na kudancin Jihar Katsina, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Na san da jin sunayen nan gabanki zai faɗi, domin kuwa an daɗe ba a ambace su a rediyo da labari mai daɗi ba. To amma ki daure ki biyo ni, don ba ƙidayar asara na je yi ba. Wasan yara na je nema.

Bari in faɗa maki mafarin abin. A Islamiyyar da nake koyarwa cikin birnin Katsina akwai wata yarinya 'yar shekara 11, wadda iyayenta suka yi ƙaura daga wani ƙauye na ƙasar Faskari. Wata rana muna darasin sira, na ba su labarin tseren da Nana A'isha (RA) ta yi da Manzon Allah (SAW), ta wuce shi a karon farko, shi kuma ya wuce ta bayan wasu shekaru. Yara suka ji daɗin labarin ƙwarai. Sai na ce kowace ta faɗa mani wasan da ta fi so. Wannan ta ce carafke, waccan ta ce 'yar gala-gala, wasu suka ce wasan cikin wayar mamansu. Da na zo kan baƙuwar tamu sai ta ce, "Malama, mu ɓuya muke yi." Na ce ai kuwa wasan ɓuya da daɗi. Ta girgiza kai, ta ce, "Ba na wasa ba, Malama. In an ji ƙarar babura."

A cikin wannan makon ne kuma 'yata ta fari ta kawo mani takardar neman izinin zuwa zaman hutu na ɗalibai Musulmi, na kwana huɗu. Ko karantawa ban yi ba na ce ba inda za ta. Ta yi kuka, na yi banza da ita. Amma da dare sai barci ya gagare ni, domin ni haifaffiyar ƙasar Faskari ce, a dandali na tashi, kuma lokacin da nake kwalejin horon malamai babu zaman hutun da ya wuce ni. Na tambayi kaina: shin abin da ya gina ni shi nake hana 'yata? Da aka ba da hutu, bayan an gama kawar da amfanin gona, sai na nemi izinin maigida na je in gano dangi, in kuma gane wa idona. Gani ya kori ji.

ƘANƘARA: GARIN DA AKE RUFE ƘOFA DA MAGARIBA

Direbanmu ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga sosai. Muka bi ta Kurfi da Dutsin-Ma, muka wuce 'Yantumaki. Tun daga nan hira ta ɗauke a cikin mota, kowa sai jan carbi, ana wuce shingayen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙasa mai albarka, 'yar uwa. Karan dawa da na masara a tsaye cikin gonaki, kuka da ɗorawa da kaɗanya nan da can, ga manyan duwatsu kamar an dasa su da hannu. Sai dai kina iya bambanta gonar bakin titi da aka noma da ta can nesa wadda ciyawa ta cinye.

Ƙanƙara tsohon gari ne, hakiminsa shi ke riƙe da sarautar Sarkin Pauwan Katsina, kuma an san yankin da farar ƙasa da ake haƙowa. Amma duniya ba ta wannan ta san shi ba. A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke garin, suka kora ɗaruruwan ɗalibai maza cikin daji. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344. Kwana biyu kacal bayan haka, a daren 19 ga Disamba, aka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta da ke ƙaramar hukumar Ɗandume, suna dawowa daga taron Maulidi a wani ƙauye. Allah ya sa jami'an tsaro da 'yan banga suka kuɓutar da su cikin gaggawa. Amma darasin da iyaye suka ɗauka daga waɗannan abubuwa biyu guda ne: tara yara wuri ɗaya haɗari ne, kwanan yaro a wajen gida haɗari ne, tafiyar dare kuwa ba a ma maganarta.

A gidan Goggona na sauka. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta yi dariya, ta ce, "Ke kuwa ɗiyata, mutane na ta kansu, ke kina ta wasa?" Amma da muka zauna sai ga shi ita ce ta fi ni bayani. Ta ce a da makarantar kwana ita ce wurin da yaron ƙauye ke wayewa. A can yake koyon wankinsa da gugarsa, a can yake shiga sikawut ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi, in an zo gasar guje-guje tsakanin gidajen kwana kuwa har mutanen gari kan je kallo. Yanzu ta ce ko gidan kakarsa yaro zai je kwana, sai uwa ta yi ta saƙe-saƙe. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Daren nan wata ya yi fari tas, irin wanda ko allura ta faɗi za ki gan ta. Ana idar da sallar isha'i aka sa sakata. Na zauna tsakar gida ina kasa kunne, ko zan ji tafi ko guɗa ko ihun masu langa. Shiru, sai haushin kare daga nesa. Goggo ta ce, "Da in wata ya yi fari haka, sai an bi yara da bulala kafin su shigo. Yanzu duhu da farin wata duk ɗaya ne."

Abin da ya fi tsaya mani a rai kuwa da rana na gan shi. Wasu yara maza su bakwai, babbansu bai wuce shekara 10 ba, suna wasa a bayan gida. Sun yi bindigogin kara, sun ɗaure idon ƙaraminsu da tsumma, ɗaya ya kara ɓallin kwali a kunne kamar waya yana cewa, "Miliyan nawa za ku kawo?" Sauran suna ta dariya. Na tsaya kamar an dasa ni. A nan na gane kuskuren tambayata. Yaro ba ya daina wasa, 'yar uwa. Abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji shi yake mayarwa wasa. In ba mu ba shi na kirki ba, zamani zai ba shi nasa.

FASKARI: DANDALIN DA NA SANI

Daga Ƙanƙara muka kama hanyar Sheme. Wannan hanya ce gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bi a 2021, shekarar da kuma aka katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku da nake ba ki labari. A Sheme ake haɗuwa da babban titin Funtuwa zuwa Gusau, daga nan kuma a ratse zuwa Faskari, garin Sarkin Yamman Katsina. Ƙasar noma ce ta gaske. A cikinta Daudawa take, wadda ta yi suna da auduga tun zamanin Turawa, da Mairuwa mai madatsar ruwa, da 'Yankara ta kan iyaka da Zamfara.

A nan aka yanke cibiyata, don haka ki yi mani uzuri in na ɗan tsawaita. Lokacin da muke yara, a ƙarshen shekarun 1990, dandalin unguwarmu wani fili ne a gindin tsamiya. Da an ci tuwon dare sai ki ji tafi ya tashi. Mu 'yan mata mu yi da'ira muna gaɗa, mai bayarwa na bayarwa muna amshi, ɗaya ta shiga tsakiya ta juya ta faɗo da baya, sauran mu cafe ta. Ki lura da wannan: yarinya ta saki jikinta gaba ɗaya ba ta ko waiwaye, don ta tabbata ƙawayenta ba za su bari ta taɓa ƙasa ba. Wace makaranta ce ke koyar da amana fiye da haka?

Can gefe kuma maza na langa. A raba su gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare na da ruwa, wato wanda ake so ya kai masha, da dawaki masu kare shi suna ture abokan hamayya. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Mai ƙarfi shi kaɗai ba ya cin langa, sai an yi dabara an kuma haɗa kai. Wannan wasa da muke rainawa yana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa. Ƙanana kuma suna gaban tsofaffi ana tatsuniya da kacici-kacici. In azumi ya kai kwana goma sai tashe ya kankama, yara na bi gida-gida, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi, a ƙarshe su tara su yi dafa-duka.

Babban bikin kuwa shi ne kalankuwa, bayan kaka, rumbu ya cika. Samarin gari kan gayyato takwarorinsu na ƙauyukan kewaye, a raba baƙi gida-gida, a ciyar da su kwana biyu ko uku. A cikin samarin ake naɗa gwamna da alƙali da likita da 'yan doka, kowa ya sa tufafin muƙaminsa, wanda ya karya dokar fili a gurfanar da shi a ci shi tara, jama'a na dariya. Da la'asar a yi kokawa da dambe. Mu yara daga kan katanga muke hange. Sai da na girma na fahimci cewa samarin nan shugabanci suke koyo: tara gudummawa, saukar baƙi, rabon aiki, sasanta rigima. Su ne kuma dai da damina suke fita aikin gayya a gonar wanda ba shi da ƙarfi.

Akwai wani abu kuma da ba kasafai ake faɗa ba. A wancan lokaci 'yan matan rugga masu kawo nono da fura kan ajiye ƙwarya mu yi carafke tare kafin su koma. Da sallah samarin Fulani kan shigo gari a yi shaɗi, mu kuma mu cika fili da kallo. Mun san sunayensu, sun san namu. Yau akwai yaran gari da na daji da suka tashi ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba, kowane abin da ya sani game da ɗan uwansa shi ne abin tsoro. Wannan ma asara ce, kuma ba ta cikin lissafin da ake karantawa a labarai.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ba 'yan bindiga kaɗai suka kashe dandali ba, sun same shi ne yana jinya. Bidiyo ya shigo, gidajen kallon ƙwallo suka biyo, wayar hannu ta zo ta ƙarasa. Mu ma malamai muna da namu kason. An yi wa'azi a kan cakuɗuwar maza da mata da caca da shaye-shayen da suka riƙa shiga irin su kalankuwa, kuma wa'azin yana kan hanya. Kuskurenmu shi ne mun haɗa tsaba da ƙaiƙayi mun watsar. Mun ce a bari, ba mu ce ga madadi ba. Ni kaina na sha korar ɗalibaina in na same su suna tafa hannu kafin a shiga aji.

Sannan masifa ta zo. A watan Maris na 2014 aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, irin su Maigora, aka kashe mutane masu yawa. A watan Yuni na 2020 aka yi na Kadisau. Tsakanin waɗannan da bayansu, Allah kaɗai ya san adadin waɗanda suka bar gidajensu.

Na je gindin tsamiyar nan. Tana nan, ta ƙara girma, amma 'yan acaɓa ne ke fakewa a inuwarta. Na nemi wata dattijuwa da a zamaninmu ita ce gwanar bayar da waƙar gaɗa, na same ta tana sussukar masara. Ta gane ni nan take, ta kira ni da sunan da kakata ke kirana. Na ce, "Iya, 'yan matan yanzu suna zuwa koyon waƙa kuwa?" Ta ce, "Wa zai zo, ɗiyar nan? Jikokina ma in na fara sai su ce Iya ta tuna da. Ranar da aka binne ni, da su za a binne." Ban sami abin ce mata ba.

SABUWA: INDA NA GA AN GWADA

Zuwa Sabuwa sai da na koma Funtuwa, sannan na bi ta Ɗandume. Sabuwa ita ce can ƙuryar kudu maso yammacin jihar, tana iyaka da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, hakiminta kuma shi ne Kogon Katsina. Ƙasa ce mai ruwa da dausayi, masara da shinkafa da waken suya da rake duk suna yi. Ita ma ta sha wuya. A farkon Fabrairun 2024 aka tare 'yan rakiyar amarya a wajen Damari, aka tafi da mutum fiye da 50, mafi yawansu mata. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu da 'yan daji a ƙananan hukumomi da dama na yankin. Duk wanda na tambaya amsarsa guda ce: ana godiya ga Allah a kan duk sauƙin da aka samu, amma ba a saki jiki ba.

Wata ƙawata da muka yi kwaleji tare ita ke shugabantar wata Islamiyya a can, kuma na yi sa'a na tarar suna shirin walimar saukar Alƙur'ani. Maimakon yini ɗaya na jawabai, sai suka mayar da abin zaman hutu na kwana uku, amma ba kwana. Yara su zo da ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 5 na yamma kowa yana gidansu. Ta ce mani, "Malama, ba za mu iya dawo da dare ba, amma rana tamu ce."

Ki ji yadda suka tsara. Tun da wata guda suka sanar da mai unguwa da limami da jami'an tsaro. Ba a yi shela a lasifika ba, baki da baki aka gaya wa iyaye. Kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, wannan mudun shinkafa, wancan wake, wata manja, wata itace. Aka raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni mutum goma da uwa ɗaya mai kula da su, da sunayensu a rubuce, ana kiran suna safe da azahar da lokacin tashi. 'Yan agaji na bakin ƙofa. Maza na filin makarantar firamare da malamai maza, mata na cikin harabar Islamiyya.

Da safe karatu ne da musabaƙa. Bayan nan wata ma'aikaciyar lafiya ta koya wa manyan 'yan mata haɗa ruwan gishiri da sukari, da ɗaure rauni, da abin da ake yi in yaro ya ƙone. Kowane rukuni shi ke dafa abincinsa a murhu, su wanke tukunya, su share wurinsu, ana ba da maki a kan tsafta. Bayan azahar sai wasanni. Aka yi tseren buhu. Aka yi tseren cokali, amma da lemun tsami a kai, don shugabar ta ce ƙwai ya fi ƙarfin a fasa shi a ƙasa. Aka yi gasar zura zare a allura, da ta cika kwalba da ruwa da tafin hannu, da carafke, da 'yar gala-gala. Aka ɗauko tsofaffi biyu suka koyar da gaɗa, bayan an zauna da su an tace waƙoƙin, an ajiye masu batsa an ɗauki masu koyar da kunya da zumunci da aikin gida. Daga filin maza kuwa ihun langa kawai muke jiyowa. Kyaututtukan ba wasu manya ba ne: sabulu, littafin rubutu, hijabi, silifa.

A rana ta biyu wani abu ya faru da ba zan manta ba. An hura balan-balan an ɗaure don ado, zafin rana ya sa ɗaya ta fashe, fau! Kafin ƙiftawar ido fiye da rabin yaran sun kwanta rub da ciki, wasu sun yi bayan aji da gudu, wata ƙarama ta ƙanƙame ƙafata jikinta na ɓari. Tsit, kamar ruwa ya ci su. Sai wata uwa ta ɗaga tsumman balan-balan ɗin sama, ta ce, "Ga ɗan ta'addan nan, na kama shi!" Dariya ta ɓarke, har da masu hawaye. Aka kwance sauran aka ajiye, wasa ya ci gaba. Shugabar ta raɗa mani cewa a rana ta farko da ƙyar wasu ke ɗaga murya, ga shi yau sai an tsawata masu.

A ranar ƙarshe aka yi jan igiya tsakanin iyaye mata da malamai. 'Yar uwa, kada ki tambaye ni yadda aka ƙare. Matan da ke daka da surfe kullum ba sa'o'in masu riƙe alli ba ne. Suka ja mu har ƙasa, ɗalibanmu na tsalle suna tafi. Wata uwa da aka ce mijinta ya rasu a wani hari ta zauna tana share hawayen dariya da gefen hijabi, ta ce rabonta da irin wannan tun kafin ta yi takaba.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada ki ɗauka wannan abu ƙaramin al'amari ne da sai marasa aikin yi. Al'ummun da suka ci gaba da gangan suke tsara shi. A yankin Wels na ƙasar Birtaniya, ƙananan garuruwa kan ware rana guda a lokacin zafi su yi bikin gari, a yi jerin gwanon motocin da aka ƙawata, yara su yi shigar ban dariya, a yi tsere da jan igiya, abin da aka tara a yi wa gari aiki. Da suka ga harshensu na neman ɓacewa a gaban Ingilishi, wani malami mai suna Ifan ab Owen Edwards ya kafa ƙungiyar matasa ta Urdd Gobaith Cymru a 1922. A 1932 suka buɗe sansanin yara a ƙauyen Llangrannog na bakin teku, inda yara ke zuwa su yi kwanaki suna wasa da harshen iyayensu. Sun gane cewa abin da yaro ya koya cikin wasa ya fi zama. Ita ma sikawut da ƙaramin zango ta fara, wanda Baden-Powell ya yi da yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea a 1907. A nan gida kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta daɗe tana shirya zaman hutu na shekara-shekara, haka ma ƙungiyoyin 'yan agaji suna da nasu sansanonin horo. Ashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A hanyar dawowa na riƙa tuna farkon Suratu Yusuf. 'Yan uwansa sun nemi a bar shi ya bi su ya ci ya yi wasa. Annabi Yaƙub (AS) bai ce wasa laifi ba ne. Abin da ya ambata shi ne baƙin cikin rabuwa, da tsoron kerkeci, da gafalar masu kula. Wannan shi ne halin kowace uwa a yau. Tsoronmu gaskiya ne, kerkecin ma gaskiya ne. Abin dubawa shi ne hannun wa za mu danƙa yaro, a wane wuri, a kuma wane lokaci. Kuma mun san a ranar idi Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya tsaya Nana A'isha na kallo ta bayansa har sai da ta gaji don kanta.

ABIN DA ZA MU IYA

Ba na cewa a kai yara kwana a inda babu tsaro, Allah ya kiyaye. Rigakafi ya fi magani. Amma ga abin da na gani ya yiwu, kuma bai fi ƙarfin kowace unguwa ba.

Na farko, a yi da rana, a cikin gari, a wuri mai katanga, da sanin masu unguwa da jami'an tsaro, a kuma tashi da sauran rana.

Na biyu, iyaye mata su shiga ciki da kansu. Uwa ɗaya ga yara goma, da suna a rubuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, a nemo tsofaffinmu tun suna raye, su koyar da gaɗa da tatsuniya da kacici-kacici, a rubuta, a ɗauka a waya. Abin da ya saɓa wa addini a ajiye, mai kyau a riƙe.

Na huɗu, a jawo 'ya'yan 'yan gudun hijira da marayu, kada kuɗi ya hana kowa shiga. A guji abin fashewa da duk wani mai ƙara irin ta bindiga.

Na biyar, mu malaman Islamiyya mu ware ko da awa ɗaya a mako don wasa mai tsafta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda aka hana ruwa da iska karyewa yake.

Da na dawo gida na ce wa 'yata ta kawo takardar nan. Na karanta ta daga farko har ƙarshe. Washegari ni da babanta muka je muka ga wurin, a cikin birni yake, muka ga ɗakin kwana da masu gadi, muka karɓi lambar malamar da za ta kula da rukuninsu. Sannan ya sa hannu. Ba zan ɓoye maki ba, kwana huɗun nan ban yi barcin kirki ba. Ta dawo da muryarta a dishe, da sababbin ƙawaye, ta kuma iya dafa shinkafar mutum goma ba ta caɓe ba.

Ita kuwa baƙuwar ajina, ranar Laraba da ta wuce na fito da su tsakar makaranta na zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi. Da farko ta tsaya a gefe tana kallo. Da layi ya zo kanta ta jefa ɓallin kasko, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsallake gida uku kafin ta taka layi. Ta juyo ta ce, "Malama, a sake ba ni."

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu baki ɗaya, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.